Yayen Anwar

Yaye ɗaya Inna Barakatu take bin gidan su Siddiƙa, kuma ba ta taɓa bari an manta ba. Da cikin fari ya tsufa, iyayen Siddiƙa suka zo daga Zango suka ɗauke 'yarsu. Can ta haihu, can aka yi wanka, can aka yanka ragon suna. Inna Barakatu, uwar mijinta Mansur, ta taso tun daga Baure, aka ba ta gefen tabarma kamar kowace baƙuwa, aka miƙo mata jariri ta duba, aka karɓe. Da za ta tafi ta ce wa uwar Siddiƙa, tana dariya, "To, kun ci wanka. Yaye nawa ne." Kowa ya yi dariya. Ita kuwa ta ƙulle maganar a bakin zani ta tafi da ita gida.

Yaron, Anwar aka sa masa. A Daura suke zaune, Mansur na sayar da kayan babur a bakin kasuwa. Da yaro ya fara tafiya sai aka ga idonsa na hagu yana karkacewa ciki, wajen hanci, irin wanda ake ce wa harara-garke. Maƙwabta suka ce a bar shi, zai miƙe da kansa. Siddiƙa ba ta yi musu da kowa ba, amma ita ke ganin yadda yake karkata kai in zai ɗauki abu. Ta yi ta yi da Mansur har ya rufe shago suka kai shi asibitin ido a Katsina.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce idon nan ba ciwo yake ba, ƙiwa yake. Na dama ya ɗauke masa aiki, shi kuma ya kwanta. In aka bar shi yaro ya girma haka, kansa zai manta da wannan ido gaba ɗaya, ranar da aka so gyara ba tabarau ba allura. Yanzu ne lokacin, tun yana ƙarami. Ta ba su kwalin filasta, ta ce kullum da safe a rufe masa na dama, mai lafiyar, daga karin kumallo zuwa kusan azahar, dole na hagu ya tashi ya nemi abin kansa.

Faɗa da baki ba wuya. Ranar farko Anwar ya fizge filastar har da gashin gira. Aka sa wata, ya miƙe zai gudu, ya ci karo da bokiti, ya kife. Ihun da ya yi, sai da matar gidan baya ta leƙo ta katanga ta ce, "Siddiƙa, yanka shi kike yi ne?"

A hankali ta samo dabara. Sai ta ba shi nono, ta jira hannunsa ya saki, idonsa ya fara lumshewa, sannan ta manna. Ya zabura, ya saki nono, ya buɗe baki zai tsala ihu, ta mayar masa. Kafin ya ƙoshi fushin ya ragu rabi. Daga nan ta zube masa kofunan roba masu launi a tabarma, ta zauna kusa tana riƙe masa hannu duk sanda ya kai fuska. Kullum sai an yi kuka, kullum. Amma wata safiya, da filasta a ido, ya ɗaga kai ya bi wani ƙadangare a jikin bango tun daga ƙasa har sama, ya nuna shi da yatsa. Siddiƙa ta shiga ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai.

Duk wannan a bayan ƙofa take yi. Anwar ɗan fari ne, a gidan da ta tashi kuwa mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta nuna ta san yana duniya. "Wannan" take ce masa. Shi ma Mansur haka, in uwarsa na wuri ko kallon yaron ba ya yi.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar, Inna Barakatu ta yi sallama da galan ɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, don sana'arta ke nan. An riga an cire filastar ranar. Anwar ya rugo ya rungume mata ƙafa.

"A'a, mijina! Har yanzu hararata kake? Me na yi maka? Kai da ko sabulu ba ka taɓa saya min ba."

Siddiƙa ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi galan. Ƙamshin man na dukan hancinta ta kau da kai, ta yi bayan ɗaki tana tofar da yawu. Da ta dawo tsohuwa ta dube ta tun daga wuya har ƙafa.

"Ya kai wata biyu?"

Siddiƙa ta sunkuyar da kai.

"To mijina ya gama shan nono. Ba zai sha ciki ina raye ba. Haɗa masa kaya, dama ina bin ku."

Ba a musu da wannan magana, bashi ne ya zo lokacinsa. Siddiƙa ta haɗa kaya. Ta ja Mansur cikin ɗaki ta danƙa masa kwalin filasta.

"Malam, ka yi mata bayani. Duka. Ni ba zan iya maganarsa a gabanta ba."

"Zan yi."

Ya kai su tasha. Sai da mota ta cika, direba ya tada inji, sannan ya miƙa kwalin ta taga, idonsa a ƙasa.

"Inna, ga wannan, na asibiti ne. A riƙa liƙa masa a ido da safe."

"Na ji. Bakwai na goya."

Da ya dawo Siddiƙa ta ce, "Ka faɗa mata?" Ya ce, "Na faɗa mata." Shi a ganinsa ya faɗa.

Dokar yaye kowa ya sani, uwa ba ta leƙe, yaro ba ya jin muryarta sai ya manta da nono. Siddiƙa ta zauna da ƙirji kamar an cusa mata duwatsu, gida shiru, kofunan roba a jere a kan taga. Da yamma Mansur kan kira uwarsa a waya ya buɗe murya kowa ya ji, ita ta zauna gefe ta kama bakinta. Kwanakin farko labarin kuka ne da ƙin kunu, an karɓo rubutun yaye wajen liman an ba shi. Siddiƙa ta yi ta zungurar Mansur ya tambayi filasta, shi kuma ya yi ta cewa a bari yaro ya huce tukuna. Sai da sati ya zagayo ya tambaya.

"Inna, wannan abin na ido fa?"

"Wace wahala ce a ciki? Ko uffan ba ya cewa. Da kansa yake miƙo min fuska. Da ita yake bin kaji har bayan rumbu. Ni ma na ce tunda magani ce a bar ta ta wuni, sai magariba nake cirewa. Ku dai yaran yanzu ba ku iya riƙon yaro ba ne."

Mansur ya washe baki ya dubi matarsa, ka ji Inna. Siddiƙa kuwa ba ta yi murna ba. Ta san ɗanta. Ba a rufe masa idon dama ya bi kaza. Ta kai bakinta kunnen Mansur.

"Tambaye ta wane ido."

"Inna, a wane idon kike sa masa?"

"Wane irin wane ido? Mai ciwon mana."

"Ai, Inna, likita cewa ta yi mai lafiyar ake rufewa."

"Kai ne ba ka ji daidai ba. In ƙafarka ta hagu ke ciwo, ta dama ake ɗaure maka? In rufe masa mai gani in bar shi da me? Mansur, ka ci abinci kuwa yau?"

Ta kashe.

Siddiƙa ta yi lissafi a ranta, lissafin bai yi daɗi ba. Da ma ajiye kwalin aka yi a ƙarƙashin gado da sauƙi. Idon da ta sha wuya ta tasa, shi aka mayar cikin duhu tun safe har magariba, kullum, ga kuma sauran kwanakin yaye a gaba.

"Sake kira."

"Kin ji dai yadda ta yi. Ki bari, ranar Juma'a in je da kaina."

"Ka tsaya a gabanta a tasha ba ka iya faɗa ba. Ranar Juma'a wani baki za a ba ka?"

"Siddiƙa!"

"Ka yi haƙuri, Malam. Gobe zan je."

"Gidan yaye? Ki san abin da kike faɗa. Har Zango maganar nan za ta kai, a ce ba a ba ki tarbiyya ba."

"A ce."

Ya ajiye wayar. Can ya ce, "Ni dai ban aike ki ba." Amma da safe shi ya ɗora ta a babur ya kai ta tasha.

Motar ta tsaya a Zango ana sauke buhunan gero. Siddiƙa ta ja mayafi ta rufe fuska, kada wani na gidansu ya gan ta. Hantsi ya ɗaga sosai kafin su shiga Baure. Tun daga bakin lungu ƙamshin suyar gyaɗa ya tare ta, ta haɗiye amai ta wuce. A zaure ta tsaya. Sallama ba dama, muryarta ce za a ji. Ta sa ido a tsagar ƙyauren langa-langa.

Ga shi can a tsakar gida, ba riga, ciki ya yi tsele da kunu, yana jan wani tsohon murfin tukunya da igiya. Filasta a idon hagu. Na dama ya sha kwalli, sai ƙyalli yake. Dariya yake yi. Nan take ta ji gaban rigarta ya jiƙe.

Ta ƙwanƙwasa ƙyauren da yatsa, a hankali. Inna Barakatu ta taso daga gaban kasko da muciya a hannu, ta leƙo, ta gan ta. Ta shigo zauren ta ja ƙyaure ta rufe. Siddiƙa ta zube ƙasa.

"Mutuwa aka yi?" in ji tsohuwa, murya ƙasa-ƙasa.

"A'a, Inna."

"Mijinki ya sake ki?"

"A'a."

"To me ya kawo uwa gidan yaye?"

"Idon... idon wannan."

"Wane wannan? Gidan nan cike yake da wannan."

Siddiƙa ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi a gabanta ba.

"Anwar. Ɗana Anwar."

Tsohuwa ta ja baya kamar an watsa mata ruwa.

"A gabana? Ke 'yar Zango, a gabana?"

"Ki zage ni, Inna, ki kai ƙarata gida, na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo. Ki shiga ki cire masa wancan. Ki rufe masa idon dama da tafin hannunki, ki nuna masa ƙuli. Kada ki yi magana, ki nuna masa kawai. In ya ɗauka, wallahi daga nan tasha zan wuce."

"In koyi goyo a wajenki."

"Ki gwada kawai."

Inna Barakatu ta harare ta. Sannan ta juya ta shiga, ta ja ƙyaure. Siddiƙa ta rarrafa ta mayar da ido tsaga.

"Zo nan, maigida, zo mu yi shawara."

Tsohuwa ta ɗora shi a cinya, ta ɓare filastar, bai damu ba. Ta ɗauko ƙuli daga faranti. Ta sa tafin hannu ta rufe idon dama. Nan take yaro ya sandare, ya fara fizge-fizge yana ihu, yana ture hannun. Ta riƙe da ƙarfi, ta kawo ƙulin gaban fuskarsa, ta kaɗa. Ya ji ƙamshi, ya miƙa hannu cikin kuka, hannun ya wuce ta gefe ya damƙi iska. Ya sake miƙawa, ya sake wucewa. Ta sake shi. Yana buɗe idon dama ya cafke ƙulin, ya sa a baki yana shessheƙa.

Ta ajiye shi a tabarma, ta tura masa farantin gaba ɗaya, ta dawo zaure. Fuskarta ta canja.

"Yaron nan ba ya gani da idon nan."

"Kaɗan yake gani. Ya fara ƙaruwa kafin... har ƙadangare ya bi a bango."

"Kafin in rufe shi, faɗi mana. Kun san haka kuka miƙo min kwali ta tagar mota kamar saƙon goro? Ke kina ɗaki kina kunya, shi yana tasha yana kunya, ni kuma a bar ni in toshe wa jikana ido da hannuna ina yi wa mutane alfahari? Wannan kuma ku na ɗora wa, ku biyu, ba zan ɗauka ni kaɗai ba."

"Mun ɗauka, Inna."

"To yanzu gaya min yadda matar nan ta ce. Da baki, ba da ƙasa za ki yi magana ba."

Siddiƙa ta faɗa mata. Ido mai ƙarfi ya kwashe aiki, mai rauni ya kwanta, in ba a hana mai ƙarfin ba ɗayan ba zai taɓa tashi ba, kuma in yaro ya girma an rufe ƙofar gyara. Tsohuwa ta jingina da bango tana saurare, tana murza muciya. Daga ciki ana jin ƙarar faranti a ƙasa.

"Ubansa bahago aka haife shi," ta ce can. "Kin sani?"

"A'a."

"Ina za ki sani. Hannun hagun na riƙa cusa masa cikin riga in ɗaure, mai ƙarfin, in ajiye masa tuwo a gaba. Ya yi ta kuka yana zubar da miya a cinya, kakarsa na zagina." Ta yi tsaki. "Da haka aka ce min tun farko, ai da na gane."

Siddiƙa ta ga hanya ta buɗe, ta yi sauri.

"To ki ba ni shi in koma da shi, Inna. Da nono kaɗai yake yarda a sa masa. Ko wata ɗaya ne, in ya so daga baya..."

"Nonon ciki? Ki gyara ido ki lalata hanji? A'a. Yaye nawa ne, kuma ban gama ba."

"Zai yi kuka har ya shiɗe. Zai yaga ta, ya yaga fuskarsa. Maƙwabta za su shigo su ce ki cire. Ke kuma jikanki ne, ba za ki iya ji ba."

"Ke za ki gaya min abin da zan iya ji?"

"Kullum ne, Inna. Ba yau kaɗai ba. In aka yi yau aka bar gobe..."

"Na ce na ji. Kin zo da sabuwa?"

Siddiƙa ta buɗe jaka ta ciro ɗaya. Ta riƙe, ba ta miƙa ba. In ta miƙa, shi ke nan, idon ya bar hannunta. Tsohuwa ta buɗe tafi tana jira.

"A goge masa kwalli da mai tukuna, in ba haka ba ba ta kamawa," in ji Siddiƙa. "Kada a bar ƙofa ta wajen hanci, yana leƙe ta nan. A ba shi abin tsinta a tabarma. Ba a cirewa sai an kusa kiran azahar, kuma ba a wuce nan."

"Goge, hanci, tsinta, azahar," Inna Barakatu ta maimaita tana lanƙwasa yatsu. "Kawo."

Ta miƙa.

Ta tsagar ƙyaure ta ga komai. Tsohuwa ta matse shi tsakanin gwiwoyinta, ta jiƙa bakin zani ta goge kwallin, ta manna a idon dama, ta danna gefen hanci da babban yatsa. Ihun da ya tashi har kaji suka watse. Ya kai farce fuska, ta kama hannayen, ta wurga shi baya, ta ɗaure goyo da hannuwansa a ciki, ta ƙara majanyi ta tamke. Ya dinga buga mata goshi a gadon baya.

"Buga, buga. Miji mai raki! Ka ci ƙulina kyauta kuma ka dake ni?"

Wata murya ta taso ta bayan katanga. "Barakatu, lafiya? Me aka yi wa yaron nan?"

"Magani ne. Ki ji da tukunyarki."

Ta koma gaban kasko ta ci gaba da juya gyaɗa, yaro na banƙarewa a bayanta. Sai ya canja kuka. Ya daina ihun fushi, ya koma kira.

"Mama! Mama, nono!"

Siddiƙa ba ta san sanda hannunta ya kama ƙyaure ba. Langa-langa ya yi ƙara. Yaron ya yi tsit na ɗan lokaci, ya juyo da kai wajen zaure, idon hagu a buɗe yana neman inda ƙarar ta fito. Inna Barakatu ba ta waiwayo ba. Muciya kawai ta ɗaga ta nuna hanyar waje.

Siddiƙa ta saki ƙyauren. Ta ja mayafi ta rufe gaban rigarta, ta fita. Kukan ya bi ta har kwanar masallaci.

Washegari ta tashi ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta sake share inda ta share. Mansur ya karya ya fita, bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ba shi labari ba. Jiya dai tana tsaye a zaure aka yi. Yau ba mai tsayawa. Kira kuwa ba nata ba ne, ta riga ta ci iyakarta ta wuce. Ta ajiye waya a kan turmi ta zauna tana kallonta. Rana ta hau katanga, ta sauko tsakar gida.

Wayar ta yi ƙara. Lambar Inna. Ta ɗauka da hannu biyu, ta toshe bakinta.

Ba sallama, ba gaisuwa. Ihun Anwar ne kawai, kusa da waya, irin na mai neman fizge abu daga fuska an riƙe masa hannu. Aka bar ta ta ji sosai. Sannan muryar tsohuwa, tana haki.

"Kin ji ko? Na dama ne. To kashe, katina na ƙonewa."